Goggon Asibiti da Rigar Barci

Shekara bakwai na yi ina karatu a waje. Da na dawo na sami aiki a ɗakin gwajin ruwan sha, sai na kama ɗaki a hawa na biyu na wani gidan haya kusa da wurin aikin. Ɗakuna shida ne a jere a kan doguwar baranda, banɗaki biyu, kicin ɗaya a can ƙarshe. A kicin ɗin akwai murhun gas mai kai huɗu, da famfo mai ɗiga komai ƙarfin murɗawarka, da firji guda da kowa ke rubuta lambar ɗakinsa a jikin robarsa kafin ya ajiye, da teburin katako mai kujeru biyar, babu biyun da suka yi kama da juna. A nan na san matar da zan ba da labarinta.

Safiyata ta farko a gidan na fito da kofina a hannu, da riga da wandon barci a jikina, kamar yadda na saba a gidan kwanan ɗalibai. Can babu mai kallon wani. Kowa yakan fito da abin da ya kwana da shi, ya dafa shayinsa, ya koma. Na tarar da mutum uku. Wani magidanci yana tsaye yana yanka burodi, wata mata mai jiki tana soya ƙwai, sai wata dattijuwa siririya a kujerar bakin taga. Rigarta ta sha guga, zaninta a ɗaure tsaf, ɗankwalinta a zaune daram, har da takalmi a ƙafarta, alhali bakwai ba ta yi ba. Na gaishe su. Dattijuwar ta amsa da kyau, ta yi mini barka da zuwa, sannan ta dube ni da tausayi.

"Jikin ne, 'yar nan?"

"A'a, lafiyata lau."

"To, madalla. Na ga kayan majinyata a jikinki, na ce ko ki koma ki kwanta in miƙo miki ruwan zafin ɗaki."

Magidancin ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Mai soya ƙwan ba ta ɓoye tata dariyar ba. "Shi ke nan," in ji ta, "an yi wa 'Yar Waje allurar farko. Kada ki damu, ƙanwata, kowa a gidan nan sai da ya sha ta." Na ajiye kofin, na koma na sa kaya. Daga ranar sunan 'Yar Waje ya bi ni.

Magidancin shi ne Direba, mai tuƙa motar ma'aikatan wani kamfani. Mai jikin ita ce Maman Tagwaye, tana da shagon kitso a ƙasan benen. Dattijuwar kuwa kowa Goggon Asibiti yake ce mata, a gabanta kuma Goggo kawai. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana aiki a ɗakin majinyata mata. Ba nas ba ce, kuma ba ta yarda a kira ta da sunan da ba ta karanta ba. Aikinta shi ne wankan marasa lafiya, canjin zanen gado, kai fo da dawo da shi, ba da abinci a baki, da sa wa mutum kaya idan hannunsa ya gaza. Ta fara ne da shara tana 'yar shekara goma sha tara. Mijinta ya rasu ɗansu ɗaya yana goye, ba ta sake aure ba, da wannan aikin ta rene shi har ya zama injiniya a wani gari mai nisa. Ɗakinta na ƙarshen baranda ta fi shekara ashirin a cikinsa.

Gidan ba nata ba ne, ba kuma wanda ya naɗa ta shugaba. Amma dokar kicin tata ce, kuma na daɗe ina nazarin yadda ta tsara ta, don ba hani ne kawai ba. Wanda ya fito ɗibar ruwa kafin gari ya waye ba ruwanta da shi, in dai ya yafa wani abu. Yaron da bai shiga makaranta ba, babu laifi a kansa. Mara lafiya ma haka, amma shi ta fi so ya zauna a ɗaki a kai masa. Da zarar an ɗora butar shayi ta farko, kicin ya zama wurin jama'a, kowa ya shigo da kayan da zai iya amsa sallamar baƙo da su. Namiji ba ya shigowa da singileti, balle da tawul a ƙugu. Mace ba ta shigowa da rigar barci ko da ta ɗaura zani a kai. Ba ta taɓa ɗaga murya a kan wannan ba. Tambayar lafiyarka kawai za ta yi, a natse, a gaban kowa.

Direba ne mai neman ƙofar ɓoye. Wata safiya ya shigo da rigar aikinsa duk ta yamutse.

"Goggo, ina da tambaya. Wannan rigar da ita na dawo jiya, da ita na kwana, da ita kuma zan koma. Rigar barci ce ko ta aiki?"

"Ƙazanta ce," in ji Goggo, ba ta ko ɗaga kai daga kofinta ba. "Wannan wani sashe ne daban, ba a ɗakinmu ake kwantar da su ba."

Maman Tagwaye ita ce ta fi kowa shan wuya. Tana da yara biyu da za ta shirya, kuma ta fi kowa makara. Sau da yawa takan tsaya a bakin ƙofar kicin, rigar barcinta har ƙasa, ta miƙo hannu tana roƙo.

"Direba, don Allah miƙo mini madarar yaran nan, ƙafata ba ta taka ciki ba. Goggo, ki shaida, a waje nake."

"Na shaida. Rabin rigar dai tana ciki."

Ni dai na bi dokar, amma a raina na ɗauke ta tsohon yayi ne da son iko. Wata Asabar muna mu biyu na tambaye ta kai tsaye. Na ce a inda na yi karatu babu wanda ya damu da wannan, kuma ban ga abin da ya rage su da shi ba. Ta saurare ni har na gama, tana juya cokali.

"Kin taɓa ganin rigar barcin leda ta kama wuta?" ta ce. "Ni na gani, ba sau ɗaya ba. Hannun rigar mai faɗi ne, mace ta miƙa za ta sauke tukunyar baya, ido da sauran barci. Irin wannan yadin ba ci yake yi ba, narkewa yake ya manne da fata. Mu ne masu ɓamɓarewa." Ta ajiye cokalin. "Wannan shi ne dalilin da nake faɗa wa masu son dalili."

Na ce ke nan akwai wani.

Ta ce a ɗakinsu gado ashirin da huɗu ne, kuma da ta shigo da safe ba ta bukatar duba takardar kowa. Wadda ta tambayi inda aka ajiye zaninta na gida, wannan ta kusa tafiya. Wadda kuwa aka kawo wa kayanta ta ce a bar su a jaka, rigar asibitin ma ta ishe ta, to sai a ƙara sa mata ido. "Akwai wata tsohuwa da likita ya ce kwana biyu suka rage mata. Kullum sai ta sa na sa mata rigarta, na ɗaura mata ɗankwali, sannan ta yarda ta sha shayi. Ta ce ba za ta karya kumallo kamar kayan wanki ba. Sati shida ta yi. Ban ce rigar ce ta riƙe ta ba. Amma ni na ga abin da mutum yake faɗa da safe idan ya sa kaya, na kuma ga abin da yake faɗa idan ya ƙi. Shekara talatin ina kallon mutane cikin kayan kwanciya da rana tsaka. Na dawo gida kuma in sha shayi a cikinsu?"

Ban ce ta gamsar da ni gaba ɗaya ba. Amma ban sake kiran abin son iko ba.

A shekarata ta biyu a gidan ciwon ya same ta. Da hantsi ne, tana shanya a baranda, Maman Tagwaye ta ji faɗuwar bokiti ta hauro a guje. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta hagu. Sati uku ta yi a asibiti. Magana ta dawo mata daidai, ƙafar ta tashi amma tana ja, hannun kuwa ya zauna a jikinta a lanƙwashe, yatsun a dunƙule.

Ɗanta Injiniya ya zo, mutum mai sanyin hali, furfura ta fara masa. Ya riga ya gyara mata ɗaki a gidansa, matarsa da yaransa suna jira. Ita kuwa ta ce ba inda za ta. A can ba ta san kowa ba, gidan yana da katanga da ƙofar ƙarfe, kowa ya fita da safe sai yamma, za ta wuni da talabijin. A nan ta san takun kowa a kan matakala. Sun yi ta ja a ɗakinta, ƙofa a buɗe, duk muna ji.

"Mama, wa zai sa miki kaya? Wa zai dafa miki?"

"Wanda ya saba."

"Da hannu ɗaya?"

"Ka ba ni wata guda. Ka dawo ka same ni a kicin da kayana a jikina, shayina a gabana, sai ka bar ni. In ka same ni ba haka ba, ba sai ka roƙe ni ba, ni zan nuna maka inda akwatin yake."

Ya yarda, don ya san ba zai ci ta da magana ba. Ya bar wa Direba lambar wayarsa ya tafi.

Kwana huɗu kujerar bakin taga ba kowa. Mukan kai mata shayi da burodi a tire, ta ce daga ciki a ajiye a bakin ƙofa. Wani lokaci sai azahar tiren yake shiga, shayin ya yi sanyi. Maman Tagwaye ta ƙwanƙwasa ta ce ai dokar ta yafe wa mara lafiya, ta fito yadda take, wa zai ce uffan? Goggo ta amsa cewa ita ba mara lafiya ba ce, an sallame ta. Kicin ya yi shiru a kwanakin nan. Abin da na lura da shi shi ne babu wanda ya karya dokar, duk da babu mai tsaron ta.

Rana ta biyar na ji wani abu ya faɗi a ɗakinta, na tura ƙofar ban jira izini ba. Tana zaune a bakin gado tana haki. Rigar barcin tana ƙasa, ta yafa zanen gado a ƙirjinta, rigar da take son sawa kuwa ta maƙale a wuya, hannun dama a ciki, na hagu a waje. Fitilar gefen gado ce ta ture. Tun asuba take wannan kokawar, kuma haka take yi kowace safiya har ƙarfinta ya ƙare ta haƙura.

"Fita," ta ce.

Ban fita ba. Na rufe ƙofar, na durƙusa na kama hannun hagun ina ƙoƙarin cusa shi a hannun rigar. Rigar ta ƙi. Na ja kaɗan, ta cije leɓe.

"Za ki ɓalle mini kafaɗa. Wa ya koya miki haka?"

"Babu kowa, Goggo."

"Ga alama. Shekara bakwai a waje. Cire ta gaba ɗaya, mu sake."

Muryarta ta canja. Ba muryar mai jin kunya ba ce kuma, muryar mai koyar da sabuwar ma'aikaciya ce. Ta sa na shimfiɗa rigar a cinyarta, bayan rigar yana sama, wuyan yana wajen gwiwa. Ta ce hannun da ba shi da lafiya shi ke fara shiga, a tattare hannun rigar a zura shi a hankali har ya wuce gwiwar hannu ya kai kafaɗa, a tallafe shi daga ƙasa, ba a jan yatsu. Sannan mai lafiyar ya shiga, sannan kai. Wajen cirewa kuma a juya, mai lafiyar ya fara fita. Na bi yadda ta ce, rigar ta zauna ba gardama.

Ta daɗe tana kallon hannun rigar. Sannan ta yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Yara nawa na koya wa wannan? Sun fi ɗari. Kwana biyar ina zura na dama tukuna, kamar yadda na saba tun ina yarinya. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa wannan hannun irin na majinyata ne."

Na ɗaura mata zani, na kira Maman Tagwaye ta ɗaura ɗankwalin, don ita ce gwanar wannan. Takwas saura muka fito da ita. Direba ya riga ya makara, amma ya tsaya ya ja mata kujerar, ya ce, "Ranki ya daɗe, kotu ta dawo zama." Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce maɓallinsa na biyu a buɗe yake.

Sauran kwanakin watan aiki muka yi. Nakan shiga da ƙarfe shida in zauna a kujera, hannuwana a cinya, don ta hana ni taɓa komai sai ta ce. Rigar ta koya cikin sati guda. Maɓallai suka gagara, Maman Tagwaye ta kai rigunan wurin tela aka ɗinke gabansu aka faɗaɗa wuyan. Zanin ne ya fi wuya. An ba ta shawarar siket mai roba, ta ce ba ta kai nan ba tukuna. Ita ta samo dabarar da kanta: takan maƙale bakin zanin a ƙofar kabad ɗin kaya, ta danne ƙofar da ƙugu, ta juya jikinta a hankali zanin yana naɗe ta, sannan ta soke bakin da hannun dama. Sau biyu ta kusa faɗuwa. Ɗankwali kaɗai ne ya ƙi hannu ɗaya. Wannan ta bar wa Maman Tagwaye, wadda takan shigo a gurguje da rigar barcinta, tana cewa ai nan ba kicin ba ne, babu mai kama ta.

Injiniya bai jira ƙarshen wata ba. Saura kwana uku ya iso, da sassafe, bai gaya wa kowa ba. Na fito zan shiga wurinta na gan shi a baranda. Goggo ta ji muryarsa, ta ce daga ciki ya je kicin ya jira, ni ma in bi shi, kada wanda ya shigo.

Minti hamsin muka yi a teburin. Ya ƙi shan komai. Duk ƙarar da ta fito daga ɗakin sai ya miƙe, Direba ya dafa kafaɗarsa ya zaunar da shi. Can muka ji sandarta a baranda, da jan ƙafar. Ta shigo goshinta da gumi. Rigar daidai, zanin ya ɗan karkace, kanta kuwa mayafi ta yafa ta riƙe bakinsa da haƙori har ta zauna. Ta huta, ta miƙe ta kunna gas, ta ɗora butar da ta cika rabi don ta iya ɗauka. Babu wanda ya taimaka, duk da hannun kowa yana ƙaiƙayi. Da ta zuba shayin ta zauna, sai ta dubi ɗanta.

"Kafin ka ce komai, ka ji gaskiya. Yau ni na sa. Sauran ranakun yarinyar nan tana zaune a gefe, ɗankwali kuma Maman Tagwaye ce. Ban ce maka ni kaɗai nake ba."

"Mama, minti hamsin."

"Ina sauri zuwa ina?"

Ya sunkuyar da kai yana murza idonsa da yatsa. Da ya ɗago ya tambaye mu ko ba mu gaji ba. Maman Tagwaye ta ce ita dai in aka tafi da Goggo gidan zai lalace, Direba zai fara shigowa da gajeren wando. Direba ya ce tuni ya saya ya ajiye. Injiniya ya yi dariya, idonsa jawur. Ya kwana biyu ya koma shi kaɗai.

Shekara ɗaya da wata biyu ta ƙara a gidan. Ba zan ce sauƙi ne ba. Minti hamsin ya sauko zuwa talatin, ya daɗe a nan, sannan ya fara hawa. Ƙafar ta ƙara nauyi. Dabarar kabad ta gagara bayan wata faɗuwa da ta fasa mata goshi, ta haƙura ta karɓi siket ɗin. Daga baya hannun dama ma ya fara rawa. Na koma ina sa mata rigar da kaina, tana kallon bango. Takan iso kicin lokacin da kowa ya watse, sai ni a ranakun da ba ni da aikin safe. Injiniya yana kira kowace Lahadi, ta ce masa lafiya lau, mu ma mu ce haka, don abin da muka gani a kujerar bakin taga ke nan, ko da a makare.

Wata Talata na tashi zan shiga wurinta na tarar da ƙofar a buɗe, ɗakin ba kowa. Kayan da na goge mata jiya suna ninke a kan gado, ba a taɓa su ba. Na nufi kicin.

Tana zaune a kujerarta. Rigar barci ce a jikinta, fara mai ɗigon shuɗi, wadda ta koɗe da wanki, kanta ba ɗankwali, furfurarta a kitse gida huɗu. Ban taɓa ganin ƙanƙantarta ba sai ranar. Direba yana tsaye da wuƙar burodi a hannu, ya kasa yanka. Maman Tagwaye ta jingina da firji, tagwayen suna bayanta cikin kayan makaranta.

Na matsa kusa na rage murya. "Goggo, na makara ne? Mu koma in shirya ki, minti goma ne."

"Ba ki makara ba. Zauna."

Na zauna. Maman Tagwaye ta cire mayafinta za ta yafa mata, Goggo ta ɗaga hannu ta hana.

"Jiya na kasa ɗaga cokali," ta ce. "Yau na zauna na dubi kayan nan a kan gado, na ji ba na so. Ba kasawa kaɗai ba, so ne babu. Na san wannan, na sha ganinsa a fuskar wasu. Ba zan bari ki riƙa sa mini kaya kina ajiye ni a nan don ɗan nan nawa ya ji daɗi a waya ba. Na yi masa alkawari."

Famfo yana ta ɗiga. Maman Tagwaye ta juya ta haɗa shayi, ta sa sukari biyu, ta kawo ta riƙe mata kofin a baki. Goggo ta kurɓa sau biyu, ta gyara zama, ta ɗan yamutsa fuska, ta dubi Maman Tagwaye.

"Ashe haka kujerar nan take da sanyi da safe? Ke da kike son yawo da wannan abar, yaya kike yi?"

"Wa ya bar ni na zauna da ita, Goggo? A bakin ƙofa nake ƙarewa."

Goggo ta yi murmushi da ɓarin bakin da yake motsi. Ta ce wa tagwayen su wuce kada su makara, suka zo ɗaya bayan ɗaya suka gaishe ta suka fita. Sannan ta juya wajen Direba.

"Ajiye wuƙar nan ka kira mini shi. Ka ce ya taho da babbar mota, kabad ɗin zan tafi da shi."

Direba ya goge hannunsa a wando, ya ciro wayar, ya fita baranda. Muna jin sa yana gyaran murya kafin a ɗauka.